Agogon Cikin Almakashi

Litinin, 3 ga wata, 9:40 na safe

Yaya ya dawo daga aiki da jini a riga. Tun daga bakin ƙofa ya ce ba nasa ba ne, don kada Inna ta saki kofin da ke hannunta. Ta sake shi duk da haka.

Babban almakashin kamfaninsu, wanda ke yanka kwanon rufi, ya sauka a hannun Dogo, abokin aikin Yaya, da ƙarfe shida da rabi na safe. Dogo ya miƙa hannu zai gyara zaman kwano, kamar yadda yake yi sau ɗari a rana. Akwai ido a gaban wuƙar, wani siririn haske ne, da zarar hannu ya gitta shi wuƙar kan tsaya cak. Yau ba ta tsaya ba. Daga wuyan hannu ta cire.

Na tambayi Yaya me ya sami idon. Ya ce Mai Waya ne, shi ke kula da wutar kamfani, jiya aka gan shi yana ƙwaƙular akwatin injin. Ya ce mutane sun yi masa abin da suka yi masa.

Yaya yana wanke hannu a bokiti na ga bayan yatsunsa na dama duk sun fashe. Ɗaukar mai rauni ba ya fasa bayan yatsu. Ban tambaya ba.

Litinin, 2:15 na rana

Shekara biyu da suka wuce ni na rubuta manhajar da ke tafiyar da almakashin nan. Yaya ne ya kai ni wurin Manaja, yana ta baza haƙora, wai ƙanwarsa ce, kanta na ja kamar janareta. Na rubuta wannan ne saboda gaskiya ce kawai, ba don tana da alaƙa da komai ba.

Talata, 4 ga wata, 7:30 na safe

Inna ta samo sauran labarin a wurin mata a bakin famfo. A ɗakin batir suka ritsa Mai Waya. Da sifana suka fara, sannan guntayen ƙarfe, suka jawo shi ta ƙafa har tsakar fili. Yana cewa fanka kawai ya canza, fanka kawai. Wani dattijo mai shara ya yi ta cewa ya isa, ya isa, ba wanda ya ji shi. Yanzu yana asibiti ɗaya da Dogo, bene ɗaya ke tsakaninsu, bai farfaɗo ba.

Inna ta ce, "Allah ya kiyaye, ai ɗana ba ya cikin masu wannan aika-aika."

Yaya ya ce a miƙo masa sukari.

Talata, 5:00 na yamma

A ofis ban yi aikin komai ba. Na ɗauki takarda da biro na yi ta lissafi kamar 'yar firamare.

Bari in rubuta shi a nan sau ɗaya, in huta. A cikin akwatin almakashin na sa agogo. Ba agogo mai hannu ba, lamba ce kawai, tana farawa daga sifili idan an kunna injin, kowane kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa sai a ƙara mata 0.1. Duk lokacin da lambar ta motsa, manhajar kan leƙa idon ta ga ko akwai hannu. Idan ba ta motsa ba, a wurin manhajar lokaci bai wuce ba, don haka ba ta da dalilin sake leƙawa.

Kwamfuta tana da gida iri biyu na ajiye lamba mai ɗigo, babba da ƙarami. Ƙaramin lambobi bakwai ko makamancin haka yake iya riƙewa, sauran ya zubar. Ni ƙaramin na zaɓa, saboda ƙwaƙwalwar akwatin ba ta da yawa. Matsalar ƙaramin gida ita ce in lambar ta yi girma, ƙaramin ƙari ba ya shiga. Kamar sikelin auna buhu ne, ka ɗora masa ƙwayar gero ɗaya, allurar ba za ta san ka yi ba. Nawa agogon zai daina jin 0.1 idan ya kai 2,097,152. Daga nan ya tsaya, ko da injin na ci gaba da yanka.

Na raba lambar da daƙiƙun da ke cikin yini. Kwana ashirin da huɗu da awa shida da rabi.

A lokacin da na rubuta shi wannan ba abin damuwa ba ne. Baba Almakashi, tsohon da ya shekara talatin a kan injin, kowace yamma sai ya kashe shi ya lulluɓe da tamfol, yana cewa ƙarfe ma yana son barci. Kullum agogon daga sifili yake tashi. Baba Almakashi ya ajiye aiki bara. Ban san sun daina kashewa ba. Ban tambaya ba kuma.

Laraba, 5 ga wata, 6:50 na safe

Na tare Yaya yana ɗaure takalmi. Na ce, kamar ba komai, "Yaya, wai yaushe rabon da a kashe almakashin nan?"

Ya ce, "Tun da aka samu babban odar nan ai ba a kashe ba. Safe, rana, dare. Litinin aka tayar da shi da ƙarfe takwas na safe, mako uku cif ranar da abin ya faru. Me ya sa, Malama Ɗigo?"

Haka yake kirana tun ina makaranta, wai ba ni da zance sai ɗigo kaza da ɗigo kaza.

Mako uku. Kwana ashirin da ɗaya ke nan, ba ashirin da huɗu ba. Saura kwana uku cur agogona ya tsaya, ashe yana tafiya lafiya lau lokacin da wuƙar ta sauka. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi dariya har hawaye suka zo.

Ba ni ba ce.

Alhamis, 6 ga wata, 4:20 na yamma

Sun wanke injin sun sake tayar da shi yau da sha biyu na rana. Masu bincike sun zo su biyu, suka duba wayoyi, suka gitta sanda a gaban idon sau goma, sau goma wuƙar na tsayawa. Suka rubuta cewa waya ce ta saki daga aikin Mai Waya, suka liƙa hatimi a akwatin. Manaja ya ƙara da nasa, ya sa kwaɗo a babban makunni, mukullin na aljihunsa. Wai ba wani ɗan iska da zai ƙara taɓa masa inji.

Ma'aikata sun ce ba mai tsayawa a gabansa. Sai Yaya, shugaban layi, ya cire hula ya ce shi zai tsaya, aikin safe, har a gama odar. Ya dawo yana ba mu labari yana jiran yabo. Na ce masa jarumtar banza ce, wanda ya fi shi tsawo ma an rage masa. Inna ta jefe ni da mafici.

Ashirin da huɗu daga yau ya kama Lahadi, 30 ga wata, wajen shida da rabi na yamma. Kafin nan dole a kashe shi, ko na minti ɗaya ne. Akwai lokaci. Zan san yadda zan faɗa ba tare da na faɗa ba.

Asabar, 8 ga wata, 11:00 na safe

Ba ni ba ce. Ashirin da huɗu ba ashirin da ɗaya ba ne. Ko ɗan aji biyu ya san wannan.

Lahadi, 9 ga wata, 3:30 na yamma

Inna ta ja ni asibiti duba Dogo. Yana kwance ya ɗaga abin da ya rage a kan filo, an naɗe shi ya yi kamar kan tabarya. Ya ce min, "Ƙanwarmu, wallahi tsakiyar tafin hannun ke min ƙaiƙayi, na rasa inda zan sosa." Ya yi dariya, mu ma muka taya shi don ba mu san abin yi ba.

Ƙanin Dogo na tsaye a jikin taga, ƙato ne mai gyaran mota, bai amsa gaisuwarmu ba. Da nas ta shigo ya tambaye ta ko Mai Waya, mutumin benen ƙasa, ya farka. Ta ce a'a. Ya ce, "To ki gaya masa kada ya yi gaggawa, ina nan."

Da za mu fita mun wuce matar Mai Waya a bakin matakala, ta shimfiɗa kwali tana zaune da kwanon abinci a rufe. Kullum sai ta kawo, in ji nas ɗin, ko da zai farka da yunwa. Inna ta kau da kai. Ni na gaishe ta, ta kalle ni da mamaki ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Talata, 11 ga wata, 6:10 na yamma

An ƙone shagon Mai Waya na bakin titi, inda yake gyaran fanka da rediyo ranar da ba ya kamfani. Da rana tsaka aka yi, mutane na kallo. Na bi ta wurin da zan dawo gida. Wayoyi sun narke sun dunƙule, warin roba har cikin maƙogwaro. Wani ya rubuta a bango da gawayi: hannu da hannu.

Na ce wa Yaya a wajen cin abinci, "Ku riƙa kashe injin nan mana ko sau ɗaya a mako, ya huta."

Ya ce, "Kin zama Baba Almakashi ke nan? In an kashe sai an yi awa biyu ana saita layi. Je ki gaya wa Manaja da kanki."

Na ce to su ɗauke wutar gabaɗaya. Ya ce ko an ɗauke, akwatin na da batirinsa, ba ya mutuwa. "Ba ke kika ce a sa masa batir ba, don kada lissafinki ya ruɗe?"

Ni na ce. Na tuna har rigar da na sa ranar.

Alhamis, 13 ga wata, 1:00 na rana

Mako ɗaya da sake tayar da injin.

Jumma'a, 14 ga wata, 5:45 na yamma

Na sayi sabon layin waya na kira ofishin Manaja, na toshe hanci na ce ni mai son alheri ce, a kashe almakashi kafin ƙarshen wata. Sakatariya ta ce in bar suna. Na kashe. Da yamma Yaya ya zo da labarin cewa dangin Mai Waya sun fara barazanar lalata inji ta waya, Manaja ya ƙara masu gadi biyu da kare. Gyaran gangar auzinawa na yi.

Tsohuwar kwamfutata ta cinya na ƙarƙashin gado, manhajar na ciki. Minti biyu zai ɗauke ni in ware agogon in sa shi ya yi gudu shi kaɗai, in ga a ina zai tsaya. Ba na bukata. Na riga na yi lissafin a takarda, kuma ni ba na kuskuren rabawa.

Lahadi, 16 ga wata, 8:00 na safe

Na mari Yaya jiya.

Ba wani abu ya yi ba. Yana yankan farce a tsakar gida, yana waƙe-waƙe, ya ɗago hannun ya ce, "Malama Ɗigo, ƙirga min, ko sun cika? Ko tara da ɗigo tara ne?" Ban san lokacin da na isa gabansa ba. Shekara tara ya ba ni, shi ya riƙa goya ni zuwa makaranta a keke. Ya riƙe kuncinsa yana kallona, Inna na salati. Na ga hannunsa na dama ya dunƙule, ɓawon ciwon bayan yatsun ya tsage, sannan ya sake shi a hankali ya shiga ɗaki.

Inna ta ce aljanu ne. Na ce eh.

Talata, 18 ga wata, 12:30 na rana

A ofis abokin aikina ya nuna min wani layin manhaja da ya rubuta, ya sa lamba a ƙaramin gida. Na ce ya canza. Ya ce, "Haba, ai ya isa." Na ɗauki kofin shayinsa na maka da bango. Shugabanmu ya ce in je gida in huta kwana biyu.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Amma ni ba ni da kaza. Ashirin da huɗu ne.

Alhamis, 20 ga wata, 10:15 na safe

Mai Waya ya rasu da asuba.

Alhamis, 4:00 na yamma

Ba wanda ya je jana'izar daga kamfani. Yaya ya dawo daga aiki ya zauna a bakin rariya ya wanke hannu, ya ɗauraye, ya sake sa sabulu. Na ƙirga, sau shida. Ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Shi ya jawo wa kansa. Mutum ya nakasa bawan Allah saboda ganganci, me yake jira?" Sai ya ɗago kai. Ya ce, "Ko ba haka ba, Auta?"

Rabon da ya kira ni Auta har na manta. Na ce haka ne.

Asabar, 22 ga wata, 2:00 na rana

'Yan sanda sun kwashi mutum huɗu daga kamfani jiya, ba Yaya a ciki. Da yamma aka sako su, kowa ya ce bai ga komai ba, turmutsutsu ne. Ƙanin Dogo ya ce an cuce shi, mutuwa ta riga shi.

Idan na buɗe baki na ce agogon na iya tsayawa, tambaya ta gaba ita ce: to ranar Dogo fa? Zan ce ashirin da huɗu, su ce ashirin da ɗaya, wa zai tsaya ya saurari bambancin da sifana a hannu? Na ga hoton fuskar Mai Waya a wayar wata mata. Ban san fuska na iya zama haka ba. Tsoro nake ji, wannan ita ce gaskiyar.

Saura kwana takwas. Ranar Jumma'a zan je wurin Manaja in ce sabunta manhaja zan yi kyauta, sai an kashe injin. Jumma'a ta yi.

Litinin, 24 ga wata, 7:00 na safe

Na jawo kwamfutar daga ƙarƙashin gado na goge ƙurar. Na mayar.

Laraba, 26 ga wata, 6:30 na yamma

Matar Mai Waya ta zo gidanmu. Ba faɗa ta zo ba. Wani ɗan littafi ta kawo mai baƙin bango, ta ce na mijinta ne, yana rubuta duk abin da ya taɓa a kamfani da ranarsa, ita ba ta iya karatu sosai ba, kuma ta ji ni ce mai ilimin injin. "Ki duba min, 'yata, in da gaske shi ne in sani, in roƙa masa gafara. Yaran na tambayata."

Yaya na ɗaki. Bai fito ba, amma na ji ya kashe rediyo.

Rubutun Mai Waya ƙanana ne, a tsare. Ranar ƙarshe: an canza fankar akwati, ba a taɓa layin ido ba. A sama da wannan, kwana goma kafin abin ya faru, ya rubuta: lambar agogon allo tana gudu fiye da agogon hannuna, a tambayi ƙanwar shugaban layi.

Bai samu ya tambaye ni ba. Na ce mata zan duba.

Tana gudu? Me zai sa ta gudu?

Alhamis, 27 ga wata, 9:05 na safe

Sai na rubuta kafin in fita, ko da ban dawo ba a samu.

Na kunna kwamfutar. Ga layin nan, da ɗan bayanin da na rubuta a gefensa da hannuna shekara biyu da suka wuce: ƙaramin gida ya isa. Na ware agogon na sa shi ya yi ta ƙara 0.1 har ya tsaya, yana ƙirga sau nawa ya ƙara. Kafin in ɗauke yatsa ya gama.

Ya tsaya a 2,097,152, kamar yadda na ce. Amma ba a kwana ashirin da huɗu ya kai can ba. Na manta cewa kafin sikelin ya daina jin ƙari, sai ya fara jin sa ba daidai ba. Daga kwana na bakwai, duk 0.1 da aka ba shi ba ya iya riƙe ta, sai ya cika ta zuwa 0.125. Mako biyu yana gudu, kowace daƙiƙa huɗu ya ƙirga biyar. Ni kuwa na raba lambar kamar agogon mai gaskiya ne. Na yi lissafin ƙarya da agogon ƙarya, na rungume shi mako uku saboda amsar ta yi min daɗi.

Kwana ashirin da awa ashirin da biyu. Litinin ƙarfe takwas, ka ƙara wannan, Litinin ƙarfe shida na safe. Dogo shida da rabi.

Alhamis sha biyun rana, ka ƙara wannan.

Yau ne, ƙarfe goma. Wayar Yaya na cikin loka, ba a shiga layi da waya. Inna, ki yafe min.

Lahadi, 30 ga wata, 11:00 na safe

Da hagu nake rubutu. A yi haƙuri da shi.

Litinin, 31 ga wata, 3:00 na yamma

Zan rubuta kaɗan-kaɗan, in na gaji in tsaya.

Na isa ƙofar kamfani goma da minti goma sha biyu, cunkoso ya riƙe mu a gada, sauran hanyar da ƙafa na yi ta, takalmi ɗaya. Maigadi ya ce ba shiga. Na ce mutuwa aka yi a gida. Yana juyawa zai kira ofis na bi ta ƙarƙashin hannunsa. Karen ya samu gefen siket ɗina, ya tsira da shi.

Na hango Yaya daga nesa. Kwano na shigowa, wuƙar na sauka, kwano na shigowa, wuƙar na sauka. A allon akwatin lambar na tsaye, ba mai kallonta. Na ga wani kwano ya karkace, na ga Yaya ya matsa, kafaɗarsa ta fara miƙewa. Ihu ba ya aiki a wurin nan saboda ƙara. Da kai na tunkuye shi a haƙarƙari, muka zube tare a kan tarin kwano.

Ya tashi zai kai min duka, ya ga ni ce. Mutane suka taru, Manaja ya sauko da gudu yana zagi. Na ce a kashe injin. Ya ce a fitar masa da mahaukaciyar nan. Akwai wani katako a ƙasa, kaurinsa ya kai damtsena. Na ɗauka na zura shi ta cikin hasken idon, na riƙe shi a nan kowa na gani.

Wuƙar ta sauko ta raba shi biyu. Guntun ya yi tsalle ya faɗi a gaban takalmin Manaja.

Kowa ya zuba wa guntun ido. Manaja ya laluba aljihu, mukullin ya faɗi sau biyu kafin ya buɗe kwaɗon. Da injin ya mutu sai wurin ya yi shirun da ban taɓa ji ba.

Zan iya tsayawa a nan. Da na zama 'yar baiwa da ta ceci yayanta. Har wani ya fara cewa ashe Mai Waya ya bar mugun abu a ciki. Sai na ji bakina yana magana. Na ce Mai Waya bai taɓa idon ba, fanka ya canza. Na ce agogo ne, duk kwana ashirin da ɗaya zai tsaya, ranar Dogo ma shi ne. Na ce ni na rubuta shi.

Talata, 1 ga wata, 10:30 na safe

Ban san ƙanin Dogo na wurin ba, ashe ya zo karɓar kayan yayansa daga loka. Na ga sifana a hannunsa ta nufo kaina, na ɗaga hannun dama na tare. Dukan farko a nan ƙashin ya tafi, na ji ƙararsa kafin zafin. Na biyu a kafaɗa. Ina ƙasa ina hangen takalman Yaya, taku uku daga inda nake, ba su motsa ba. Na uku ma ba su motsa ba.

Kafin na huɗu ya shiga tsakani. Bai daki kowa ba, ya ɓoye hannuwansa a baya kamar mai tsoron su. Ya ce, "Ya isa." A hankali ya faɗa, amma wannan karon an ji.

Ba na riƙe da ƙanin Dogo. Ba na riƙe da taku ukun nan ma.

Alhamis, 3 ga wata, 5:30 na yamma

An sallame ni. Likita ya ce karaya biyu ce, za ta haɗe, sai dai ƙila yatsu biyu ba za su riƙa lanƙwashewa sosai ba. Masu bincike sun karɓi kwamfutar da littafin Mai Waya, za su kira ni. Na rubuta musu gyaran a takarda: a daina tara 0.1, a ƙirga bugun agogo ɗaya-ɗaya da cikakkiyar lamba, kuma a leƙa idon ko agogo ya motsa ko bai motsa ba. Layi uku ne. Layi uku kacal.

Inna ce ke ɗaura min ɗankwali yanzu.

Yaya bai yi min magana ba tun ranar, sai ɗazu. Ya shigo da ruwan zafi a roba zai gasa min kafaɗa, ya durƙusa, ya matse tawul. Na zuba wa hannuwansa ido ina ƙirgawa a zuci. Goma ne. Ba tara da ɗigo tara ba, goma cif.

Ya gane abin da nake yi. Ya ajiye tawul ɗin, ya juya hannun dama yana kallon tabon bayan yatsun.

Ya ce, "Ni na fara kai masa, Auta. Yana cewa fanka, na rufe masa baki da wannan." Ya sake ɗaukar tawul ɗin. "Da kin makara da minti ɗaya, da ta cire min shi na huta."

Na ce ban makara da minti ɗaya ba, da mako uku na makara.

Ya ci gaba da gasa kafaɗar har ruwan ya huce.

Jumma'a, 4 ga wata, 7:15 na safe

Matar Mai Waya ta ce in duba mata, kuma na duba. Yanzu za ni in gaya mata abin da za ta gaya wa yaran.

Yaya na bakin ƙofa ya sa farar riga. Na ce masa na san hanya. Ya ce ya sani, daga can ofishin 'yan sanda zai wuce ya miƙa kansa, in zo ya ɗaure min igiyar takalmi.